Shinkafa Ba Ta Wasa Injin Niƙan Gahawa

Tun da shan gahawa irin na Italiya, wanda ake kira esfireso, ya fara shiga gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa a Yola da Jimeta, kusan ciwo ɗaya ake ta kawo mana mu masu gyaran kayan lantarki. Mutum zai taso daga Adarawo ko Wuro Hausa a Keke Napep, da injin niƙa a ƙunshe cikin leda, ransa a ɓace. "Injiniya, an cuce ni, jabu aka sayar min. Ko wata biyu bai yi ba ya fara gurnani, yanzu ko juyawa ba ya yi." Da ka cire kwanon sama ka kwance haƙori, abin da za ka fara cin karo da shi farin gari ne da ya cakuɗe da maiƙon gahawa, ya daskare a cikin kwarmin haƙoran, sai an sa tsinke an ƙwaƙule. Ka ce, "Ranka ya daɗe, an zuba masa shinkafa?" Sai ka ji, "Ƙwarai, ai an ce tana wanke shi, tana kuma wasa shi."

Wannan magana ta ishe ni, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ɗanyar shinkafa ba ta wasa ƙarfe. In da tana yi, da mahautan kasuwar Jimeta sun daɗe da jefar da dutsen wasa. Haƙoran injin niƙa na ƙarfe ne da aka gasa ya yi tauri, wasu kuma na tangaran. Idan bakinsu ya dakushe babu hatsin da zai dawo da shi, sai dai a sake sabbi. A gidan da ake haɗa kofi biyu ko uku a rana kuwa, haƙoran kan yi shekaru kafin su kai ga haka. Injin da aka saya bara bai dakushe ba, toshewa ya yi.

Batun wankewa ma haka ne. Soyayyen gahawa busasshe ne, cikinsa duk ƙofofin iska, da an matsa shi zai farfashe. A kan wannan aka auna ƙarfin moton, da ɗan giyar roba da ke juya haƙorin a yawancin injunan gida. Shinkafa ta fi shi tauri nesa ba kusa ba. Idan ta shiga, moton zai riƙa nishi, giyar ta riƙa cinyewa, garin shinkafar kuma ya bi maiƙo ya toshe hanyar da gari ke fita. Ga shinkafarmu ta gida ba ta rasa tsakuwa, kuma tsakuwa ɗaya ta isa ta ɓantare bakin haƙori. Abin da ke ruɗin mutane shi ne garin farko yakan fito da duhu-duhu, sai a ce ai ga dattin nan ya fita. Wanda ya fita kaɗan ne a kan wanda ya maƙale. Kamfanin Baratza na Amurka, wanda ya yi suna wajen ƙera irin waɗannan injuna, ya faɗa ƙarara cewa ɓarnar da shinkafa ta jawo ba ta cikin garantinsa. Wanda ya ƙera abu ya ce kada a yi, amma an bar maganarsa an kama ta wani bidiyon da aka turo a WhatsApp.

Asalin jita-jitar ma daga wani injin daban ta fito. Akwai ƙaramin nan mai wuƙa mai juyawa a ƙasan kofi, wanda mata ke niƙa kayan yaji da shi. Shi saran ƙwaya yake yi, kuma in an zuba masa cokali ɗaya na shinkafa don ta kwashe wari, ba wani abin tashin hankali ba ne, duk da cewa shi ma wuƙar ba ta ƙara kaifi. Sai dai wannan injin ba ya iya garin esfireso ko kaɗan, domin yana fitar da wani ɓarzajje wani laushi. Esfireso ruwan zafi ne ake tursasawa ya ratsa gari da matsin da ya kai bar 9, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Idan garin bai daidaita ba, ruwan zai bi inda ya fi sauƙi ya zube, kofin ya fito salam-salam da tsami. Mai irin wannan injin ya daina zargin na'urar dafawa.

Yadda ake tsaftace mai haƙora bai fi aikin 'yan mintoci ba. A zare fulogi, a cire kwanon sama da haƙorin da ke fita, a goge da busasshen buroshi mai tauri, a zura tsinke a hanyar fitar gari. Ruwa kada ya taɓa haƙoran ƙarfe, tsatsa za su yi. Wanda ya samu ƙwayoyin wanke inji irin su Grindz, waɗanda aka yi su don wannan aikin, ya yi amfani da su. Wanda bai samu ba buroshi ya ishe shi, sau ɗaya a mako biyu ko a wata, gwargwadon yawan niƙansa.

Ƙanwar shinkafa wajen kisan inji ita ce kayan ƙamshi. Mutanenmu sun saba da gahawa irin ta Sudan da Chadi mai citta, da ta Larabawa mai hel da alhazai ke kawowa tsaraba. Babu laifi a sha. Amma busasshiyar citta tana da tauri da zare-zare, tana shaƙe haƙora. Man kanumfari kuma yana cin roba, ya bar kwanon da dishi-dishi da warin da ba ya fita. Waɗannan na turmi ne. A daka su daban, a haɗa a tukunya.

Sauran dalilan lalacewar inji a taƙaice. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce. Injin ɗan kwatano da ya fito daga Amurka na bolt 120 ne, na Japan kuma 100, in ba a sa masa na'urar rage wuta ba, ranar farko koyil zai ƙone. Karanta takardar da ke manne a gindinsa kafin ka biya kuɗi. Idan wuta ta zo ba ƙarfi, kwan fitila ya yi ja, fanka na jan ƙafa, kada ka kunna shi, domin moton zai tsaya da ƙwaya a bakinsa yana ta ɗaukar zafi. Stabilaiza ta fi sabon moto araha. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40, kada a niƙa na mako guda a zama ɗaya, a riƙa barinsa yana hucewa. Da ma garin esfireso a lokacin sha ake niƙa shi. Da hunturu, bushewar iska kan sa gari ya riƙa mannewa a jikin roba yana watsuwa. Jiƙa bayan cokali ka juya ƙwayoyin da shi kafin ka zuba, maganin ke nan. Masu sayen ɗanyen gahawa na Mambila ko na Kamaru suna soyawa a gida kuma, su tsince tsakuwa a faifai, su tabbatar ya soyu har ciki. Wanda bai soyu ba yana wahalar da moto, wanda ya ƙone ya yi maiƙo yana toshe hanya.

To, duk wannan bai wanke masu shago ba. Akwai injin da ke fitowa daga kwali da lahani: haƙoran ba su zauna daidai ba, kana jin suna gogar juna a gefe ɗaya, ko zoben saiti ya riƙa zamewa da kansa. Mai kaya ya koma sai a ce masa, "Alhaji, ka san kayan wuta ba su da garanti," a nuna masa rubutun da ke ƙasan rasit cewa ba a mayar da kaya. Wannan rubutun bai fi ƙarfin doka ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka gaza ingancin da ya kamata cikin wata uku da karɓarsu, a gyara masa, ko a sake masa, ko a ba shi kuɗinsa. Kafin wannan doka ma, fiƙihun Malikiyya da muka taso a kai ya ba mai saye zaɓin mayar da hajar da ya tarar da aibin da ba a bayyana masa ba. Ɗan kasuwar da ke sahun gaba a masallaci ya san wannan sarai.

Abin da ya fi ba ni haushi, ana shigo da injuna kwali-kwali ba tare da ko haƙori ɗaya ko giya ɗaya na canji ba. Giyar da ba ta kai kuɗin buhun gawayi ba, ita za ta sa a jefar da injin dubban nairori. Yaron shagon kuma bai taɓa ganin an niƙa gahawa ba, abin da ya iya kawai ya jona a soket, ya yi ƙara, ya ce, "Ka ji lafiyarsa ƙalau." Inji babu komai a cikinsa ai dole ya juya.

Saboda haka ranar saye ka tafi da soyayyen gahawanka a aljihu. A niƙa a gabanka a saiti mafi laushi, ka murza garin a yatsa, ka saurari ko sautin moton yana faɗuwa. A rubuta sunan inji da lambarsa a rasit, tare da tsawon garanti. Garantin baki, kowa ya san inda yake ƙarewa. Tambayi inda ake samun kayan gyaransa, in an fara kame-kame ka ƙara gaba. Ajiye kwalin. Idan matsala ta taso, ɗauki bidiyonsa yana yin ta, ka mayar da shi da wuri, kuma kada ka fara kai wa mai gyaran rediyo ya kwance gindinsa, don da an ga an taɓa kusoshi magana ta ƙare. In mai shago ya ƙi sauraro, je wurin shugabannin 'yan kasuwa na layinsu, sau da yawa a nan ake kashe wutar. In ya faskara, kai ƙorafi ga FCCPC da rasit da bidiyon.

Amma mai saye shi ma ya ji tsoron Allah. Idan ka san ka ɗura masa shinkafa ko citta, kada ka je kana rantsuwa cewa haka ka saye shi. Duk mai gyaran da ya buɗe zai gani. Mai shago ya biya lahanin da ya zo daga kamfani, kai kuma ka biya wanda ka jawo da hannunka. Injin gahawa, soyayyen gahawa kaɗai ake zuba masa.