Baƙin Layin da Ke Tsakanin Tayil: Yadda Za Ki Fitar da Shi

Tayil ba ya riƙe datti, fuskarsa a shafe take sumul. Abin da ke ba da kunya shi ne siririn layin nan na tsakani, wanda mai aikin tayil ya cike da farin siminti. Siminti yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana shanye duk abin da ya zuba masa, ga shi kuma ya ɗan fi tayil zurfi. Can ruwan mofa ke kwantawa ya bushe da dauɗarsa. Shi ya sa uwargida za ki ga kullum ana goge ɗaki, amma layukan sai ƙara baƙi suke yi.

Kafin ki sayi komai, ki fara sanin da wace dauɗa kike faɗa, domin ta kicin daban, ta banɗaki daban.

Ta kicin maiƙo ce: fantsamar man suya, manja, tururin miya, sai ƙurar hunturu ta zo ta manne a kai. Maiƙo kuwa ruwan zafi da sabulu yake tsoro. Ki zuba cokali uku na bekin soda a roba, ki ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa, ki sa ruwan ɗumi kaɗan ki dama ya yi kauri. Ki bi layukan ki shafa, sannan ki tafi harkarki na minti 10 zuwa 15. Wannan jiran shi ne rabin aikin, kuma shi mutane ke tsallakewa, su duƙufa dirza har hannu ya yi tsami. In kin dawo, sai ki bi da tsohon buroshin haƙori, ki ɗauraye da ruwa mai tsabta, ki tsane da tsumma. In babu bekin soda, kanwa ma tana yi, don ita ma tana narkar da maiƙo. Ki jiƙa ta a ruwan ɗumi, ki tace saboda yashin da ke ciki, kuma ki sa safar hannu, don kanwa tana busar da fata.

Ta banɗaki kuwa fumfuna ce da ragowar sabulu, musamman da damina, a kusurwar da ba ta bushewa. Nan ne Hypo ko Jik ke da amfani. Gwangwani ɗaya a ruwa gwangwani 10 ya isa. Ki buɗe taga, ki shafa a layukan, ki ba shi minti 10, ki goge, ki ɗauraye sosai. In simintin mai launi ne, ki gwada a lungu tukuna, yana iya koɗewa. Kada ki taɓa haɗa Hypo da Harpic, ko da khal, ko da wani asid, wai don ya ƙara ƙarfi. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai sarƙe numfashi, kuma a ɗan ƙaramin banɗaki tana iya kai mutum asibiti.

Sai maganar asid ɗin wanke tayil da ake sayarwa a jarka, wanda wasu ke rantsuwa da shi. Gaskiya yana sa layi ya yi fari nan take, amma ba wankewa yake yi ba, fatar simintin yake cinyewa. Wata biyu ki ga layin ya yi kaushi, ya fi da ɗaukar datti, daga nan ya fara burmawa, ruwa ya shiga ƙarƙashi, tayil ya soma ƙarar holoƙo in an taka. A ganina bai kamata ya shiga gida ba. Khal da lemun tsami sun fi shi sauƙi, suna kuma cire farin tabon da ruwan burtsatse ke bari, amma a yi su jefi-jefi, a ɗauraye da wuri, kuma kada su taɓa mabul. Soson ƙarfe ma a bar wa tukunya.

Kada ki ce sai kin gama gidan a yini ɗaya. Ki ɗauki gaban murhu yau, gobe wajen wanke-wanke. Maigida da samarin gida ma gwiwarsu tana lanƙwasuwa, a miƙa musu buroshi.

In layukan sun fito, ki bar su su bushe kwana ɗaya ko biyu, sannan ki nemi maganin toshe ƙofofin siminti da ake kira sila a shagon kayan tayil, ki shafa da ɗan buroshi. Daga nan ki riƙa canza ruwan mofa da zarar ya yi duhu, ki rage yawan omo, domin kumfar da ba a ɗauraye ba ita ke kama ƙura. Bayan wanka a janye ruwan ƙasa, a bar ƙofa a buɗe. Inda kuma simintin ya tsage ko yake zubowa gari-gari, wanki ba zai yi ba. Ki kira mai aikin tayil ya kankare tsohon ya cike sabo, kuma a ƙasan kicin ki ce ya sa mai ruwan toka maimakon fari.