Tsoron Duƙushi da Yadda Ake Samun Yardarsa

Duk wanda ya ga dawakin hakimai a Hawan Daushe a Kano, ana harba bindiga ana busa algaita amma ko gezau, zai ɗauka haka aka halicce su. Alhali kowannensu ya taɓa zama duƙushi mai firgita, irin wanda akan gani ɗaure a turke a Dugabau ko Gwarzo.

Asalin doki dabba ce da namun daji ke farauta, saboda haka gudu ne makaminsa. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan kowace kusurwa, ban da daidai wutsiyarsa da dab da goshinsa. Wanda ya ɓullo masa ta baya kwatsam yana iya shan shuri. Idan ya tsorata, jikinsa yakan saki sinadarin adirenalin, zuciyarsa mai bugawa sau 30 zuwa 40 a minti ta ninka bugu. A wannan hali ba abin da zai koya sai tsoron mai bulala.

Maganin wannan shi ne sabo. Mai horo yakan matso ta wajen kafaɗa, yana magana a hankali. Yakan bar duƙushin ya sansana ragama da sirdi kafin a sa masa. Da zarar ya natsu, sai a sassauta, a ba shi dusa ko harawa. Ganga kuwa daga nesa ake fara jiyar da shi, kullum a matso kaɗan.

Duƙushin da aka hora da duka yakan yi biyayya a gida, amma ranar hawa yana iya kayar da mahayinsa cikin taro. Sannu ba ta hana zuwa.