Na'urar da Ke Gane Aikin Manomi

A cikin wayar hannu akwai 'yar na'ura mai auna motsi ta fuskoki uku: gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Da ita kwamfuta ke gane ko mutum tafiya yake ko zaune.

To, mu leƙa Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da shinkafa. Mai dashe da mai cire ciyawa duk a sunkuye suke, don haka na'urar da aka ɗaura a kugu da ƙyar za ta bambance su. Sai an ƙara wata a wuyan hannu, domin wannan cusawa yake, wancan kuwa fizgowa. Da irin wannan awo likita zai san awa nawa manomi ya yi a duƙe kafin ciwon baya ya kama shi.