Darasi na Tara: Likitan Mata

Likitan mata shi ne wanda ya ƙware wajen kula da masu juna biyu da cututtukan mahaifa. A Nijeriya, sai ya yi shekara 6 a jami'a, sannan ya ƙara samun horo a asibitin koyarwa.

Idan mace ta je awo, akan auna jininta da nauyinta, a duba kwanciyar jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a je awo aƙalla sau 8 kafin haihuwa.

Yawanci ungozoma ce take karɓar haihuwa. Amma idan naƙuda ta yi tsawo, dole a kira likita, domin kan jariri yana iya danne mafitsara har ta huje. Wannan shi ke jawo yoyon fitsari, kuma tiyata a kan lokaci tana hana shi. Wadda ta riga ta kamu kuwa, ana yi mata aikin gyara, kamar a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina.

Ku lura: saboda kunya, Bahaushe yakan ce "juna biyu" maimakon "ciki".

Tambayoyi
1. Yaushe ake kiran likita?
2. Me ke jawo yoyon fitsari?