Yadda Ake Kare Bangon Kicin Daga Maiƙo a Gidan Haya a Guangzhou

Duk wanda ya kama haya a Xiaobei ko Sanyuanli ya san tsarin: kuɗin wata biyu na ajiya, sannan na hayar wata ɗaya. Ranar tashi kuwa, kicin ne mai gida yake fara dosa. Girkinmu ba ya raga wa bango. Manja ya fantsama, miyar tumatir ta yi ta tsalle, ga kicin ɗin ɗan tsukuku, murhu manne da bango. Dabarar ita ce a rufe bangon da abin da za a ɓare daga baya, amma kada gam ya taɓa fentin mai gida ko sau ɗaya.

Kafin komai, ɗauki hoton bangon yadda ka same shi, ka tura wa mai gida ta WeChat, ka gaya masa abin da za ka liƙa. Tun 15 ga Satumba 2025 dokar haya ta ƙasar Sin ta ce sai an rubuta a yarjejeniya dalilan da za su sa a yanki kuɗin ajiya. To amma ranar gardama, hoton da ke wayarka ne zai yi maka magana.

Sai ka duba irin bangon, domin shi zai gaya maka abin da za ka saya.

In tayil ne, ka huta. Nemi ledar da ake kira jingdian tie a Taobao ko Pinduoduo. Ba ta da gam ko kaɗan, da kanta take kama tayil mai santsi, in ta yi datti ka yaye ta ka sa wata. Akwai kuma fangyou tiezhi, sitika mai fuskar alminiyum da gam a bayanta, yawanci faɗin santimita 60. Ta fi jure zafi, kuma ni ita nake zaɓa wa mai yawan suya.

In fenti ne, kada ka liƙa sitika kai tsaye, komai rantsuwar mai shago. Za ta taho da fentin. Wasu sukan shimfiɗa salatif na takarda, irin na masu fenti, su ɗora sitika a kansa, sai dai in ya daɗe shi ma yakan kama. Abin da ya fi shi ne ka auna wurin, ka sa a yanko maka falle na alminiyum ko na bakin ƙarfe, ka jingina shi da bango a kan teburin girki, ka tokare shi da kantar kayan miya. Shagunan kayan ƙarfe na unguwa, waɗanda ake ce wa wujin dian, za su nuna maka inda ake yankawa.

Yanzu wanki. Ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, ka bi layukan da ke tsakanin tayil da tsohon buroshin haƙori, don a nan maiƙo ke maƙalewa. Goge da tsumma, ka bari ya bushe ƙayau. Nan ne Guangzhou take da nata hali. Daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu akwai kwanakin da suke kira huinantian, iskar kudu mai ɗumi ta shigo, bango ya yi ta zufa har ruwa na gangarowa. Wanda ya saba da hunturun Kano ba zai yarda ba sai ya gani. In ka liƙa a irin wannan rana, gam ba zai kama ba, danshin da ka rufe kuma ya zama fumfuna. Ka jira rana mai bushewa, ko ka rufe tagogi ka kunna na'urar sanyaya ɗaki ta tsotse danshin tukuna.

Wajen liƙawa, yanka da rarar santimita biyu. Ɓare takardar baya kamar faɗin tafin hannu kawai, ka kafa daga sama, kana jan takardar a hankali kana murzawa da tsohon katin banki daga tsakiya zuwa gefe. Inda iska ta taru ta yi ƙulu, soka allura ka danne. Falle na biyu ya ɗan hau kan na farko don kada mai ya sami ƙofa. Rarar kuma ka datse da reza, ka zagaye soket, kada ka rufe shi.

Wuta ba a wasa da ita. Leda ba ta zama dab da harshen gas. In murhunka ya matse da bango, sa dangyou ban a tsakani, wato shingen alminiyum mai naɗewa da ke tsayawa da kansa, ana wanke shi kamar faranti.

Ranar cirewa, hura wa sitikar iska mai zafi da na'urar busar da gashi, ka ja ta sannu sannu tana kwance da bango. Sauran gam a kan tayil, ɗiga masa ɗan man girki ko fengyoujing, ruwan nan kore na cizon sauro da ake samu a shagunan magani, ka bar shi ya jiƙa, ka goge, ka wanke da sabulu. Sannan ka sake ɗaukar hoto kafin mai gida ya iso.