Kiwon Kifin Mahasir A Indiya: Gyaran Da Ya Jawo Ɓarna

Wannan maƙala za ta yi nazari a kan mahasir, wani babban kifin kogi na ƙasar Indiya, wanda masu fatsa don nishaɗi suke ji da shi ƙwarai. Nau'insa mai doro, wanda ba a samunsa sai a Kogin Kaberi da rassansa, yakan haura kilo 50.

Da madatsun ruwa da kamun kifi da nakiya suka rage yawan mahasir, sai aka buɗe wurin ƙyanƙyasa a Lonabala, cikin jihar Maharashtara, a shekarun 1970. A can akan tatsi ƙwan mace, a haɗa da maniyyin namiji, a reni 'ya'yan a tafkuna, sa'an nan a sake su cikin koguna.

Sai dai kuma wanda aka zuba a Kaberi wani nau'i ne dabam, mai shuɗin fiffike. Baƙon ya hayayyafa, ɗan gida kuwa ya yi ta raguwa, har a 2018 ƙungiyar IUCN ta sanya mai doro cikin halittun da suke dab da ƙarewa.

A taƙaice, kiwo ba ya ceton kifi sai an fara tantance nau'insa, an kuma kiyaye kogin da ya gada.