Yadda Ake Zuwa Filinge da Motar Lantarki, a Kuma Dawo Yamai

Daga Yamai zuwa Filinge kusan kilomita 180 ne a kan hanyar ƙasa mai lamba 25, wadda ta ratsa Hamdallaye da Baleyara da Bonkuku, ta bi gefen Dallol Boso har cikin ƙasar Kurfai. Duk Bakurfayen da ke aiki a babban birni ya san hanyar nan kamar yunwar cikinsa, don ita ce hanyar suna da biki da gaisuwar rasuwa da sallah. Tun ƙarancin man da aka sha a watan Maris na 2025, lokacin da layin motoci ya cika gidajen mai, magidanta da yawa suka fara tambaya ko waɗannan manyan motocin iyali masu aiki da batir za su iya wannan hanya. Za su iya. Amma sai an yi lissafi tun kafin a sayi motar, kuma lissafin ba daga takardar talla yake farawa ba, daga soket ɗin da za ka samu a gidanku na Filinge yake farawa.

Abu na farko shi ne ka san girman tankinka. A motar lantarki batir ne tanki, kuma ana auna shi da kilowat-awa, wanda ake rubutawa kWh, ma'aunin da NIGELEC ke yi maka lissafin kuɗin wuta da shi. Mu ɗauki BYD Atto 3, ƙirar China, mai kujera biyar, wadda a can China ake kira Yuan Plus. Babban batirinta yana ɗaukar kWh 60 da 'yan kai. Bisa gwajin Turai, wanda ake kira WLTP, tana cin kilomita 420 da caji ɗaya. Bisa gwajin China kuwa, mai suna CLTC, motar nan ɗaya an rubuta mata 510. Dillali zai faɗa maka babbar lambar, kuma ba ƙarya ya yi ba, sai dai an samo ta ne a tafiya mai sauƙi, ba lodi, ba zafin Afrilu. Hyundai Kona mai batir kWh 64, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas aka nuna ta a 2020, ita ma an yi mata alkawarin kilomita 482. Duk lambar da aka ba ka, cire kashi ɗaya cikin huɗu ka ajiye gefe, abin da ya rage shi ne naka.

Ga dalili. Mota irin wannan, da mutum biyar a ciki, da buhun shinkafa da jarkar mai a baya, da na'urar sanyaya ciki tana aiki, ana tafiyar kilomita 90 a awa, tana shan tsakanin kWh 18 zuwa 20 a kowane kilomita 100. Mu ɗauki 20 don kada mu yaudari kanmu. Yamai zuwa Filinge ke nan kWh 36. Ka tashi da 60, ka isa da 24, wato allon motar zai nuna maka kashi 40 cikin 100. Zuwa da dawowa kWh 72 ne, batir kuwa 60 yake ɗauka. Ashe babu zancen zuwa da safe a juyo da yamma ba tare da an yi caji a can ba. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin karatun.

Kafin ka biya kuɗi, duba bakin cajin motar. Wadda aka yi don kasuwar China bakinta daban, ana ce masa GB/T, wadda aka yi don Turai kuma tana da Type 2 da CCS2. Ba sa shiga juna sai da mahaɗi na musamman. Ka tabbata an ba ka wayar caji ta tafi-da-gidanka, mai akwati a tsakiya, kuma ta irin wadda ake iya rage mata ƙarfi zuwa amfiya 8 ko 10. Idan motar ta hannu ce, kada kyan fenti ya ɗauke maka hankali. A jona mata na'urar bincike a karanta lafiyar batir, a ga kashi nawa ya rage daga ƙarfinsa na asali. Batir shi ne mafi tsada a jikin motar, kuma wanda ya riga ya gaji ba ya dawowa.

Sai shirin gida a Yamai. Wutarmu volt 220 ce. Soket na bango da amfiya 10 yana ba da kilowat 2.2, kuma bayan abin da ke zubewa a hanya kusan 2 ne ke shiga batir a kowace awa. Daga fanko zuwa cike awa 30 ke nan. Akwatin caji na bango mai amfiya 32 yana ba da kilowat 7, ya cika ta cikin awa 9 ko 10, dare ɗaya. Amma wannan akwati yana son mitar da aka ba ƙarfin da zai ɗauke shi, da waya mai kauri ta kanta tun daga mita, da abin yanke wuta nasa, da ƙarfen da aka binne a ƙasa don sauke wuta. Wannan aikin ƙwararren mai haɗa wuta ne, ba na yaron shago ba. Ina jaddada batun ƙarfen ƙasa domin gidaje da yawa ba su da shi, kuma caja mai kyau idan ba ta ji shi ba sai ta ƙi aiki, jan fitila kawai za ka gani.

Ranar jajiberin tafiya ka cika batir. Atto 3 tana da batirin da ake kira LFP, mai jure zafi, wanda ba ya damuwa da a cika shi har 100. Kona kuwa nata wani iri ne, a kwanakin zama cikin gari an fi so a tsaya a kashi 80, sai ranar doguwar tafiya a cika. Ka kwanar da motar a inuwa, ka yi cajin da dare lokacin da gari ya huce. Da asuba, tun tana jone da wuta, ka kunna na'urar sanyi ta sanyaya ciki, don wutar gida ta biya wannan maimakon batir. Duba iskar taya, domin taya mai laushi tana cin caji a ɓoye. Da yawa daga cikin motocin nan ba sa zuwa da tayar ajiya, ɗan famfo da ruwan liƙi kawai ake sakawa. Wannan bai isa hanyar da ƙaya da ƙusa suke ba. Sayi taya cikakkiya da jak mai ƙarfi, ko da za su ci maka wuri a but.

Ka tashi da sassafe. Sanyin safiya yana taimakon batir, ga kuma halin tsaro da jihar Tilaberi ke ciki, wanda ya sa tafiyar dare ba abin yi ba ce ga mai iyali, da kowace irin mota. Ka tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin ka fita.

A kan kwalta, gudu shi ne babban ɓarawon caji. Ƙarfin iskar da ke tokare mota yana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa, shi ya sa wanda ya tsaya a 80 zuwa 90 zai isa da saura mai yawa fiye da wanda ya taka 120, alhali bambancin lokacinsu bai wuce rabin awa da ɗan wani abu ba. Motar za ta jarraba ka, don injinta na kilowat 150 ne, tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 7.3, kuma ba ƙara ba girgiza. Ƙarfin nan amfaninsa ɗaya ne, wuce babbar mota cikin sauri a koma hannu. Bayan haka a sassauta ƙafa.

Akwai wani abu da mutumin wannan hanya ya kamata ya sani. Filinge tana arewa maso gabashin Yamai, kuma daga can iskar hunturu ke kaɗowa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mai tafiya gida yana fuskantar iska ne gaba da gaba, sai ya ga caji na sauka fiye da yadda ya saba. Kada hankalinsa ya tashi, ya rage gudu kaɗan, a dawowa iskar za ta tura shi daga baya. A bazara kuwa, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, motar tana kashe wuta wajen sanyaya mutane da kuma sanyaya batirin kansa.

Baleyara ce wurin auna kai, don ta ɗan wuce rabin hanya. Idan ka tashi da 100, ya kamata ka shige ta da kusan kashi 65 zuwa 70. In ka ga ƙasa da 60, wani abu na ci, ko gudu ko iska ko taya, sai ka sauko 70 a awa har Bonkuku. Kashin da ya rage za ka riƙa kallo, ba kilomitan da allo ke hasashe ba. Idan ranar Lahadi ce, ranar babbar kasuwar Baleyara, ka shiga a hankali ƙwarai da hannu a kan oda. Tumaki da jakai da amalanken shanu da yara masu talla duk da kunne suke gane mota ta iso, wannan kuwa ba ta da ƙarar inji. A irin wannan cunkoso motar ba ta asara: duk lokacin da ka ɗaga ƙafa, injin yana juyewa ya zama janareta, ya rage gudu, ya mayar da wuta cikin batir.

To, an iso Filinge da kashi 40. Don ka koma Yamai da ajiyar kashi 20 saboda abin da ka iya tasowa, kana bukatar kashi 80, wato a ƙara kWh 24. A soket na bango awa 12 ke nan, daga magariba zuwa wayewar gari, in wuta ba ta ɗauke ba. Saboda haka da isarka ka jona, kada ka bari sai an gama gaishe-gaishe. Ka nemi soket mafi kusa da mita, ka guji doguwar wayar ƙari ta kasuwa, ka fara da amfiya 8. Bayan rabin awa taɓa kan filogi. Ɗumi kaɗan ba komai, amma in ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, cire shi nan take, don haka gobara ke farawa. Ka kuma yi wa maigidan bayani tun farko, ka biya kuɗin wutar, domin kWh 24 na iya fin abin da ƙaramin gida ke sha a mako.

Wutar kanta ba a yi mata rantsuwa. Yammacin Nijar ya daɗe yana dogaro da layin da ke zuwa daga Najeriya ta Birnin Kebbi, kuma kowa ya tuna yadda aka yanke shi a watan Agustan 2023, sai a 2024 ya dawo. Tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30 ta rage zafin abin, madatsar Kandaji kuma ana jira. Shi ya sa nake ganin duk mai niyyar riƙa zuwa Kurfai da irin wannan mota ya haɗa da farantan hasken rana a gidan can. A ƙasarmu farantan da suka kai kilowat 1 suna ba da kusan kWh 5 a yini. Faranti goma masu wat 500 kowanne, da inbata mai ƙarfin da ya dace, za su ba ka abin komawa cikin yini guda, matuƙar ana share musu ƙura. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa: a 2021 hukumar ƙera motoci ta Najeriya, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Janareta kuwa na ranar matsi ne kawai. Ƙaramin janareta zai sha fiye da lita 12 kafin ya ba ka kWh 24, ribar ta tafi ke nan.

Ribar tana nan idan wutar mita ce ko ta rana. Mota mai girma irin wannan mai shan fetur lita 9 a kilomita 100, a farashin sefa 499 da aka sa a 2024, tana cin kusan jika huɗu da rabi. Mai lantarki, in mun ƙaddara kWh ɗaya a sefa 100, jika biyu da 'yan kai ne. Ba canjin baƙin mai, ba fulogi, ba kulochi.

Inda zan ja kunne sosai shi ne barin kwalta. Sunanta babbar mota, amma Atto 3 tayoyin gaba kaɗai ke ja, nauyinta ya kai kilo 1,750, kuma batirin shimfiɗe yake a ƙarƙashinta. Yashin dallol yana ninka shan wuta, kuma da yake ƙarfin injin yana zuwa gaba ɗaya da an taɓa, mai gaggawa zai haƙa wa kansa rami. A rage iskar taya kaɗan, a taka a hankali, kada a tsaya a tsakiyar yashi. Zuwa Tukunus, inda ake kiwon shanun Azawak, ba nisa, amma a sa shi cikin lissafi, zuwa da dawowa. Da damina, koramar da ruwanta ya kai rabin taya a jira ta janye. Dutsen da ya bugi ƙasan motar da ƙarfi kuwa, a kai ta a duba ko da ba a ga komai ba. In ta mutu a hanya ba a ɗaura mata igiya a ja, ɗora ta ake yi a bayan babbar mota, don jan tayoyin gaba yana lalata injin. Kuma kada bakanike ya taɓa wayoyin nan masu ruwan lemo, ɗaruruwan volt ne a cikinsu.

Hukuncina shi ne: magidancin da ke zaune a Yamai, yana da cajar kilowat 7 a gida, yana da soket mai kyau ko faranti a Filinge, kuma in ya je yana kwana, motar nan za ta yi masa aiki ta rage masa kashe kuɗi. Wanda harkarsa ke kai shi Abala ko Sanam ko rugagen da ke bayan kwalta, ko wanda dole ya je ya dawo rana ɗaya, ya riƙe motarsa ta fetur tukuna har a kafa caja mai sauri a Baleyara da Filinge, irin wadda ke ɗaga batir daga kashi 30 zuwa 80 cikin rabin awa.